Jifa Tamanin da Ɗaya

Shafi na 19

Saura kaɗan wannan shafin bai fito ba. Sau uku ina farawa ina gogewa, don duk na iso wajen ledar waken nan sai jikina ya yi sanyi. Masu cewa na yi shiru kwana huɗu, ku yi haƙuri da ni. Ga shi nan yadda ya zo.

*

Ranar Juma'a wajen ƙarfe uku Nilsa ta buɗe firiza za ta ɗauko wake. Gobe Asabar ne wasan ƙarshe na besbol, wasan jifan ƙwallo da bugunta da sanda, kuma tun ɗanta Yadiel yana shekara shida ba su taɓa fashin shinkafa da wake ana gobe wasa ba. Yanzu shekararsa goma, shi ne mai jifan da ƙungiyar ta dogara da shi.

Ledar waken ba a shimfiɗe take yadda ta ajiye ta ba. Ta lanƙwashe, ta daskare a haka, da rami a tsakiya.

Nilsa ta juya ta. Ta sake juyawa. Sai ta ɗora ramin a kan gwiwar hannunta.

Ya zauna. Ya dai yi mata kaɗan, don hannun da ya yi ramin bai kai nata ba.

Ba ta ji komai ba. Ta ajiye ledar a kwano, ta wanke hannu, ta goge.

"Alanis."

Ƙanwar Yadiel tana kan teburin cin abinci, wanda shi ne ajinsu daga takwas zuwa uku, don a gida Nilsa take karantar da su. Har ta sa matashin gwiwarta na ƙwallon raga tun yanzu, alhali sai biyar za a fara atisaye.

"Na'am, Mami. Saura layi biyu."

"Bar shi. Zo nan."

Ta zo tana tsalle da ƙafa ɗaya. Da ta ga kwanon sai ta sauke ɗayar.

"Wa yake taɓa min wake?"

"Ƙila ɓera ne."

"Ɓera a firiza."

"Mai rigar sanyi."

Ta yi dariya ita kaɗai. Da ta ga fuskar uwar ba ta motsa ba sai ta haɗiye sauran.

"Mami, na yi rantsuwa. Da ƙwallona ya sa na rantse."

"Ban ce ki faɗi komai ba. Zan yi tambaya, ki gyaɗa kai. Gyaɗa kai ba magana ba ne."

Alanis ta yi ɗan tunani. Ta yarda.

"A hannunsa yake ɗorawa?"

Ta gyaɗa.

"Na dama?"

Ta gyaɗa.

"Tun yaushe?"

Ta ɗaga yatsu uku.

"Kwana uku."

Ta girgiza kai.

Sati uku ke nan.

Nilsa ta dubi ƙofar firij, inda jadawalin karatu yake manne da rubutunta. Sati uku da suka wuce ne Yadiel ya zo shifta da fensir a hannun hagu. Ya ce so yake ya iya komai da hannu biyu. Ta yi murna har ta tafa masa. Ta mai da abin darasi, ta ƙara layi a jadawali, Juma'ar Hagu, ranar da su ukun duka suke rubutu da hagu suna dariyar karkatattun baƙaƙensu. Ta ɗauki hoton littafinsa ta tura wa iyaye mata masu karantar da yaransu a gida, aka yi ta yaba mata.

Ko yau da safe ta manna masa tauraro.

Bakin Alanis ya buɗe, rantsuwa ta bi ruwa.

"Ni nake ɗaure masa igiyar takalmi. Ni nake buɗe masa kwalbar man gyaɗa. In kin shiga wanka sai in ɗauko waken, in na ji kin kashe famfo sai in mayar. Ya ce zai ba ni rabin katunansa na 'yan wasa, har yau ko ɗaya bai ba ni ba."

"Kira min shi."

Yadiel yana bayan gida zaune kusa da tsohuwar tayar da babansa ya rataya a bango don saiti. Ya shigo yana murmushi.

"Mami, yau da soyayyar agada ko?"

"Miƙo min gishiri a saman kanta."

Ya miƙa hagu.

"Da dama."

"Ai yau Juma'ar Hagu ce."

"An tashi daga makaranta. Da dama."

Ya dubi Alanis. Alanis ta dubi ƙasa.

"Munafuka," ya ce a hankali.

"Ni gyaɗa kai kawai na yi. Da farko."

"Miƙe hannun, Yadiel. Miƙe shi gabanka."

Ya ɗaga. Hannun ya tafi, ya tafi, sai ya tsaya kafin ya miƙe. Ya cije leɓe ya ƙara turawa. Bai ƙaru ba. Gumi ya tsatso masa a saman hanci.

"Ba ciwo," ya ce. "In na yi jifa goma sai ya saki."

Nilsa ta taɓa gwiwar ta ciki da yatsa ɗaya. Ya zabura kamar ta ɗora masa garwashi.

Ta janye yatsan. Ta kunna murhu ta ɗora tukunya. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, ko tsoro ko fushi. Shiru, kamar gidan da aka kwashe kaya.

Ƙarfe huɗu motar Heriberto ta tsaya a ƙofar gida. Mijinta ne, shi ne kuma mataimakin kocin ƙungiyar. Ya shigo yana kaɗa sabuwar hula a yatsa.

"Malama, an tashi ne ko in jira a waje kar a ba ni aikin gida? Ina zakarana? Zo ka ga abin da..."

Ya ga kwanon. Ya ga yaran a tsaye jikin bango. Hular ta daina juyawa.

"Jiya jifa nawa ya yi?" in ji Nilsa. Ba ta juyo daga murhu ba.

"Jiya? Jiya Alhamis. Gidan Mama muka je, kin sani."

"Na san gidan mahaifiyarka Doña Monse a garin Juncos. Jifa nawa ya yi a gidan Doña Monse?"

"Nilsa."

"Duk Alhamis in na tafi da Alanis atisaye, ku sai ku tafi gaida kaka. Wata biyu. Ban taɓa ganin ya dawo da ko alewa ɗaya ba. Matar da ba ta barin jika ya fita hannu banza."

Heriberto ya ja kujera ya zauna a kan littafin lissafin Alanis bai ma lura ba.

"Wata ƙungiya ce a can. Ƙarama. Wasa ne kawai."

"Jifa nawa?"

"Can ba sa ƙirgawa."

"Tamanin da ɗaya."

Yadiel ne ya faɗa. Duk suka juyo.

"Ni nake ƙirgawa a zuciya. Ke kika koya min."

Ita ta koya masa kuwa. Shekara uku ke nan ita ke riƙe wa ƙungiyar ɗan abin ƙirga, tana zaune bayan raga tana dannawa duk jifa ɗaya. Dokar ƙungiyarsu a bayyane take: ɗan shekara goma ba ya wuce saba'in da biyar a rana, in kuma ya haura sittin da biyar sai ya huta kwana huɗu cur. Bara ta taɓa tsayar da wasa saura mutum ɗaya Yadiel ya fitar, iyaye maza suka yi mata ihu, ba ta ko waiwaya ba. Tun ranar suke ce mata Malama Ƙidaya. Sunan yana mata daɗi.

"Da safe fa?" ta ce. "Awa biyun motsa jiki da na ba ku a jadawali?"

Ta juya ga 'yarta.

"Alanis."

"Hamsin a taya," in ji Alanis. "Wani lokaci sittin. Ni nake kwaso ƙwallayen."

"Ke kuma bakinki ba ya da marfi," in ji uban.

"Gyaɗa kai na fara yi, Papi."

Nilsa ta zuba waken a tukunya. Sun narke sun daskare har ba iyaka, suna faɗawa ruwa suka fara farfashewa.

"Doka ta hana yaro buga wa ƙungiya biyu. Yaya aka yi suka karɓe shi?"

Heriberto ya shafa ƙeya.

"Da takardun Keniel ɗan yayata. Shekarunsu ɗaya."

"To. A Juncos sunansa Keniel."

"Ki saurare ni. Kowa yana yi. Kowa. Kina tsammanin yaran da ake ɗauka makarantun horo da jifa saba'in da biyar a sati suka kai can? Masu neman yara can suke zuwa ranar Alhamis, ba nan ba. Wani ya tambaye ni shi sau biyu. Sau biyu, Nilsa."

"Ya tambaye ka Keniel."

"Za a gyara wannan daga baya."

"Hannunsa ba ya miƙewa."

"Wane mai jifa ne hannunsa ba ya ciwo? Ƙanƙara da hutun kwana biyu, shi ke nan. Ni ma haka na tashi, ga ni."

Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin ruwa. Nilsa ta bi hannun da kallo. Shekara goma sha biyu tana ganin hannun daman nan a ɗan lanƙwashe, a hoton aurensu, a kan sitiyari, a kafaɗarta. Ta ɗauka tsayuwarsa ce haka.

"Miƙe naka," ta ce.

"Kar ki fara."

"Miƙe shi."

Ya ajiye kofin. Bai miƙe hannun ba.

"Ka san da ciwon?"

"Na san yana ɗan..."

"Ka sani."

"Shi ya roƙe ni kar in gaya miki. Tambaye shi, ga shi nan."

Ta rufe tukunya. Muryarta ta fito a shimfiɗe, irin wadda take karanta musu shifta da ita.

"Ba zai yi jifa gobe ba. Litinin za mu ga likita."

"Wasan ƙarshe ne fa! Ɗayan mai jifan namu zazzaɓi yake yi. Kina so in tsaya gaban Koci da yara goma sha biyu in ce me?"

"Ka ce abin da ya faru."

"In na faɗa, kora ta za a yi. A ƙwace wasannin da muka ci. Kin san haka, ke da kika haddace littafin dokar kamar addu'a."

"Mami."

Yadiel ya taso daga jikin bango. Ya riƙe hannun daman da na hagu, tunda yanzu ba sauran ɓoyo.

"Gobe kawai. Na rantse daga gobe ko wata biyu kika ce zan huta."

"A'a."

"To sai a sa wani. In ya yi kyau shi ke nan, an manta da ni."

"Ba wanda zai manta da kai."

"Za su manta! Ke ba ki sani ba!"

Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Shi ma kansa ya tsorata, amma bai tsaya ba.

"Su duk ajinsu ɗaya. Tare suke cin abinci, tare suke shiga bas. Suna da wasu sunaye da suke kiran juna, ni ban san daga ina suka samo ba. Suna dariyar wani malami, ni ma sai in yi dariya, ban taɓa ganinsa ba. Lokacin da nake tsaron baya ba mai yi min magana. Yaron gida suke ce min. Sai da na fara jifa aka fara kirana bikin ranar haihuwa."

"Kana da mu."

"Ke ce malama. Ke ce mai girki. Ke ce mai ƙirga. Abokiyar ajina guda ɗaya, ita ma 'yar shekara bakwai."

"Bakwai da rabi," in ji Alanis, murya ƙasa ƙasa.

"In ba jifa, wa zan gani? Daga tebur sai taya. Daga taya sai tebur."

Ya goge hanci da kafaɗa.

"Ko a Juncos da suke ce min Keniel, da daɗi. Akwai masu kira dai."

Tukunya ta fara tafasa, murfin yana rawa. Ba wanda ya je ya rage wutar.

Nilsa ta dubi bangon da ta cika da taswira, da haruffa, da hoton ƙasusuwan mutum da ta manna a zangon da ya wuce. Ta koya musu sunan ƙashin gwiwar hannu. Yadiel ya ci goma bisa goma.

Shekara biyar ke nan da ta ajiye aikinta na kantin magani don wannan teburin. Ta ce ba wanda zai kula da 'ya'yanta kamar ita. Awa ashirin da huɗu suna gaban idonta.

Ta duba agogo.

"Alanis, ɗauko jakarki. Biyar saura."

"Nilsa, ba mu gama magana ba," in ji Heriberto.

"Ka rage wutar nan bayan minti goma."

A ɗakin wasan ta zauna a benci na uku inda ta saba. Yara mata suna tsalle, takalma suna ƙara a kan katako. Alanis ta buga ƙwallo ta wuce raga, ta juyo tana neman idon uwarta. Nilsa ta ɗaga mata hannu. Hannun ne ya ɗagu da kansa.

Idalis ta matso kusa da ita, ɗaya daga cikin masu karantarwa a gida.

"Ke, Malama Ƙidaya, gobe sai kun kawo mana kofi fa. Ni har na sayi fenti na fuska. Af, na manta ban gaya miki ba, mu ma mun fara Juma'ar Hagun nan taki. Yarana kamar su mutu don dariya. Ina kike samo dabarun nan ne?"

"Yadiel ne ya kawo."

"Kai, yaron nan akwai kai. Kin iya tarbiyya, ba ƙarya."

"Na gode," in ji Nilsa.

Da suka dawo aka ci abinci. Waken ya dame ya zama kamar kunu. Yadiel ya ci da hagu. Heriberto ya wanke kwanuka, abin da bai saba ba, yana cewa ba tare da ya dube ta ba, "Talatin kawai. Na yi alƙawari. Yana kaiwa talatin ni da kaina zan cire shi. Ke za ki ƙirga."

Ta kwashe sauran kwanukan ta ajiye masa ta wuce ɗaki.

Washegari ta tashi ta goge rigar wasan, mai lamba goma sha huɗu. Ta zuba ruwa a gorori, ta yanka lemo, ta saka ɗan abin ƙirgar a jaka. Heriberto ya ga haka ya sauke ajiyar zuciya. Ya sa mata hannu a kafaɗa, hannun nan mai lanƙwasa. Ta bar shi.

A mota Alanis ta sunkuya ta ɗaure wa yayanta igiyar takalmi. Yau ba a ɓoye ba.

Filin wasan garinsu Gurabo ya cika tun kafin ƙarfe tara. Ganguna, tutoci, mai sayar da ƙanƙara yana kaɗa ƙararrawa. Yaran ƙungiyar suka hango Yadiel suka taso da gudu suna kiran sunansa, wani ya ɗafe masa a baya, wani ya cire masa hula ya gudu da ita. Fuskarsa ta buɗe yadda ba ta taɓa buɗewa a teburin gida ba.

Nilsa ta tsaya ta kalli wannan sosai.

Sannan ta nufi rumfar da Doña Zoraida take zama, tsohuwar da ke riƙe da takardun gasar. Kafin kowane wasa mai ƙirgar kowace ƙungiya sai ta cike takarda, ta rubuta jifan da kowane yaro ya yi a kwana huɗun da suka wuce, Doña Zoraida ta buga hatimi.

"Ga 'yar gari," in ji tsohuwar tana miƙo mata biro. "Taki ba na ko dubawa. Cike mu tashi, rana na yi."

Daga bayanta Nilsa tana jin ƙarar ƙwallo tana faɗawa safar hannu ta fata. Yadiel ya fara ɗumama hannu da babansa. Babban yatsanta yana motsi a jikin biron shi kaɗai. Ɗaya. Biyu. Uku.

Ta sami sunansa a layi na farko. Ta rubuta 81. A gefe ta ƙara, Alhamis, Juncos, da sunan Keniel. Ta sa hannu.

Doña Zoraida ta ɗaga hatimi, idonta ya faɗa kan takardar. Ta sauke shi a hankali. Ta gyara tabarau.

"'Yata, kin yi kuskure a nan."

"Ba kuskure."

"Kin san abin da wannan yake nufi? Ba yaron kaɗai ba ne. Mijinki. Wasanninku duka. Dubi yaran can."

"Na gan su."

"Ga wata takardar. Ban ga wannan ba."

"Buga, Doña."

Ƙarar ƙwallon ta tsaya a jifa na tara.

Tsohuwar ta sake ɗaga hatimin, sai ta tsaya da shi a sama tana kallon bayan Nilsa.

Wani ɗan hannu ya kama gefen rigarta. Hannun hagu ne.

"Mami. Me kika rubuta?"